Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Waƙar Zambon Da Aka Saki A Unguwarmu

Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma irin ta talaka da ubangidansa, muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya. Mu dattawa da iyaye mata na wannan unguwa mun kawo kuka, don tura ta kai bango.

A makon jiya samarin situdiyon da ke bakin kasuwa suka saki waƙar zambo a kan wata 'yarmu da aurenta ya mutu. Ba su kama suna ba, amma sun faɗi launin ƙofar gidan, sun faɗi sana'ar uban, har ɗingishinsa sai da suka sa a amshi. Daren Asabar aka sake ta a lasifika wajen wani biki, kafin gari ya waye ta cika TikTok. Yanzu 'yan Islamiyya da allunansu a hannu ita suke rerawa a hanya. Dattijon nan da bai taɓa rasa sahun farko ba, a soro yake sallarsa. Yarinyar ko ɗiban ruwa ba ta fita.

An sha zama da yaran nan, ranka ya daɗe. Mai Unguwa ya kira su, liman ya yi nasiha, iyayensu sun ba da haƙuri, duk a banza. Amsarsu ɗaya ce: wai fasaha ce, wai mu tsofaffi ba mu san waƙa ba.

Mun san ta. Ba ma musun cewa yaron yana da murya, kiɗan ya zauna, baitukan sun hau. Ai daɗin nata ne ya kai ta bakin yara. Da mummuna ce da tuni an manta. Zambo kuwa ba su suka ƙirƙiro shi ba. Makaɗan fada sun yi wa mahassadan sarki, amma a lulluɓe, tsakanin manya masu iya ramawa. Wace gwaninta ce a taka bazawara da gurgun tsoho?

Kada a ce mu maƙiyan waƙa ne. Da waƙa Nana Asma'u ta karantar da mata ta hannun 'yan taru, ƙungiyar matan da ke kai karatunta ga 'yan uwansu mata. Mun kuma ga yadda aka ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007, mai kyau da marar kyau wuta ɗaya, kuma ba a daina rubutu ba. Ba wannan muke nema ba, ba ma son a rufe wa kowa hanyar abinci.

Roƙonmu, Allah ya ba ka nasara, a kira su gabanka su janye waƙar daga intanet, su je ƙofar da suka wulaƙanta su nemi gafara a gaban jama'a. A ja kunnen masu kiɗan biki su daina saka ta. In sun ƙi, a miƙa lamarin ga Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001 don irin wannan. Kuma don Allah a yi da wuri: 'yan uwan yarinyar mu ke riƙe da su da baki, ba mu san iya ranar da za su ci gaba da jin maganarmu ba. A cire waƙar nan, ranka ya daɗe.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa da iyaye mata na unguwa.