Yadda Muhalli Ke Shafar Jinin Kurege, da Dalilin da Ya Sa Ya Kamata Masananmu Su Duba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman alfarmar ɗan fili a shafinku na wasiƙu domin in ja hankalin masu karatu, musamman malaman sashen nazarin dabbobi a jami'o'inmu, zuwa ga wani bincike da ya shafi kurege, dabbar da yawancinmu ba mu san ta ba sai a tatsuniya ko a gonar gyaɗa. Masana a Kanada da Amurka sun daɗe suna bin 'yan uwan kuregenmu masu zama cikin rami, kuma sun nuna cewa irin wurin da dabbar take zaune yana barin alama a cikin jininta.

Idan dabba ta tsorata, wasu ƙananan sassa biyu da ke manne a saman ƙoda sukan saki sinadarin da ake kira kotisol, wanda yake ƙara sukari a jini domin ta samu ƙarfin gudu. Wannan rahama ce idan tsoron na ɗan lokaci ne. Amma idan fargabar ta zarce makonni, sinadarin da ya ceci ranta shi ne zai koma yana cinye tsokarta, yana raunana garkuwar jikinta, yana kuma rage mata haihuwa.

Misali mafi ƙarfi ya fito ne daga yankin tafkin Kluane da ke Yukon, a arewa maso yammacin Kanada. Kuregen can yakan yi wajen wata takwas yana barcin hunturu a rami, saboda haka a 'yan watannin da suka rage ne zai haihu, ya raini 'ya'ya, ya kuma tara kitsen da zai kai shi baɗi. A shekarar 2001, David Hik da Rudy Boonstra da abokiyar aikinsu suka wallafa sakamakon kwatancen da suka yi tsakanin kuregen da ke cikin dajin itatuwa a kwari da wanda ke fili a saman tsauni, inda sanyi ya hana itace tsiro. Mutum zai yi zaton na saman tsaunin ya fi shan wahala, tunda can ne sanyi ya fi tsanani. Sai jinin ya nuna akasin haka: na cikin dajin ne yake ɗauke da alamun doguwar fargaba.

Masanan sun danganta wannan da yawan maharan da ke dajin da kuma wahalar hango su. Kurege da ido yake tsira. Yakan miƙe tsaye a bakin raminsa ya duba, ya yi kukan gargaɗi, kowa ya faɗa rami. A fili yana hango shaho tun daga nesa, amma a cikin kurmi sai maharin ya iso kansa. Ƙari a kan haka, yawan zomayen dajin yakan hau ya sauka kusan duk shekara 10, kuma idan zomo ya yi ƙaranci, kyanwar daji da dilan Amurka da shaho da mujiya sukan ƙara matsa wa kurege. Daga wajen shekarar 2000 kuregen cikin dajin ya ragu ƙwarai har ya ɓace daga wurare da dama, alhali na saman tsaunin yana nan. A ganina, nan ne nauyin maganar yake, domin dabbar da ba a kama ba ma tana biyan kuɗin zama a wurin da ba ta iya ganin abokin gabarta.

A tsaunukan Siyera Nebada na Kaliforniya kuwa, Jill Mateo ta Jami'ar Chikago ta yi aiki kan wani nau'in kuregen, wanda kukansa na ganin tsuntsu ya bambanta da na ganin maharin ƙasa. Ta samu cewa waɗanda ke wuri mai duhuwa sun fi daɗewa suna tsaye suna dube-dube, wanda hakan ke rage musu lokacin kiwo, kuma yawan sinadarin a jikinsu ya bambanta da na mazauna fili. Ta kuma nuna a shekarar 2008 cewa 'ya'yan kurege sun fi saurin koyo idan kotisol ɗinsu yana tsaka-tsaki. Idan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, koyon yakan ragu. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk hauhawar sinadarin cuta ce.

Hanyar awon ita ce ta fi jan hankalina. Kama dabba da kansa yakan tayar da kotisol cikin 'yan mintuna, shi ya sa masana da yawa suka koma auna ragowarsa a cikin kashi, wanda ake iya tattarawa ba tare da an zubar da jini ba. Wannan aiki ne da ɗalibin digiri na biyu a Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi zai iya yi idan ya samu firiza da kayan gwaji.

Kuregenmu mai zane a haƙarƙari yana zaune a gonaki da saura da bakin daji, kuma duk shekara wurin zamansa yakan canza: da damina gero da dawa su rufe masa gani, da rani a ƙone daji ya zama fili fetal, ga karnukan mafarauta a bayansa. Ina roƙon malamanmu su kwatanta kuregen gona da na gandun daji kamar Yankari, damina da rani, ina kuma roƙon jaridarku ta buga abin da suka samu da Hausa domin manomin da ke zaune da dabbar ya karanta.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya