Wasiƙa zuwa ga ɗana, kafin ya ɗora duron gazuwal a wutsiyar tirela

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan Maraɗi lafiya lau, sai zafin bazara da ka sani. Mahaifiyarka ma ta mayar da shimfiɗarta tsakar gida.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce an ba ka aikin jan tirela da Hilux, ɗauke da famfo da bututu da farantan hasken rana zuwa wajen Bermo, kuma wani abokinka ya ce ka sayi duro guda na gazuwal ka ɗora a wutsiyar tirelar, tunda can ne wuri ya rage. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na tuna halinka: "to Baba, to Baba," alhali hankalinka yana kasuwa. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a natse.

Riƙe guzurin mai ba laifi ba ne, ni ma da kaina zan ce ka riƙe. Daga Tibiri zuwa Dakoro babu fargaba, amma daga nan ka yi arewa, hanya ba ta yi wa kowa alƙawari ba, kuma kana iya tarar da gidan mai a buɗe babu ko ɗigo. Ka dai ga layukan watan Maris na 2025. Wancan ƙarancin esansi ne, na sani, amma ya faru ne matatar mai ta SORAZ tana nan Damagaram tana aiki tun 2011. Sannan injin gazuwal ba ya son ƙishirwa. In ka bari tanki ya ƙafe, iska ta shiga bututu, ko ka zuba sabon mai sai ka tsaya kana danna ɗan famfon kan filta har babban yatsa ya yi tsami kafin mota ta yarda ta tashi.

Abin da abokinka bai gaya maka ba shi ne, mai ma kaya ne. Lita guda ta gazuwal ta ɗara gram 800. Jarka mai lita 20 tana kai kilo 17 ban da nauyin ita kanta jarkar. Duro mai lita 200 kuwa, in ka haɗa da ƙarfensa, ya tasam ma kilo 190, wato kusan buhu biyu na gero. Yanzu in ce ka ɗauki buhun gero biyu ka rataya su a ƙarshen wutsiyar tirela, za ka yarda? To duron ya fi geron sharri, don gero inda ka ajiye shi nan yake kwana.

Ban taɓa ba ka labarin nan duka ba. Shekarar da aka haifi yayarka, ina tuƙa wa wani Alhaji, na ja tirela da injin niƙa zan kai gabas. Na ɗora duro a can baya, kamar yadda aka ce ka yi, kuma man bai wuce rabi ba. Mun wuce Tasawa da kaɗan, a wata ƴar gangara, sai wata babbar mota ta gifta mu da gudu. Iskarta ta bugi tirela sau ɗaya tak. Na duba madubi na ga wutsiya ta leƙo dama, ta koma ta leƙo hagu, kowace leƙowa ta fi ta baya nisa, ina jin man yana dukan cikin duro, ɓulum, ɓulum. Sitiyari ya zama kamar ba a hannuna yake ba. Sai na yi abin da tsoro yake sa mutum: na taka birki da ƙarfi. Tirela ta naɗo ta bugi gefen mota, ta kife a bakin wata gona. Murfin duro ya kwance, gazuwal ya malale kan kwalta. Kafin yaron motata ya gama karyo ganye ya sa a hanya, wani mai babur ya shigo ciki. Gazuwal a kan kwalta santsinsa ya fi na miyar kuɓewa. Allah ya kiyaye bawan Allahn nan bai mutu ba, amma ya karye a hannu, ni kuma na yi wata uku ina aiki albashi yana tafiya wajen gyara da magani. Har yau in na ji warin gazuwal a kan ƙasa mai zafi, fuskarsa nake gani.

Daga baya wani tsohon direba ya zaunar da ni ya warware mini abin. Tirela kamar sikeli take a kan tayoyinta. Ka danne baya, wuyanta ya ɗaga, ya sauƙaƙa tayoyin bayan motarka, su daina kama ƙasa yadda ya kamata. Abin da ake so, wuyan ya danne ƙugiyar mota da kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirelar, wato mafi nauyin kaya ya zauna kan tayoyi da ɗan gaba kaɗan. Rabin duro kuma mugun fasinja ne: ka juya dama, shi sai daga baya ya taho da ƙarfinsa, lokacin da kai ka riga ka fara komawa hagu. In tirela ta taɓa yi maka wannan rawar, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka bar gudu ya mutu da kansa. Kada ka bi ta da sitiyari, kada ka daka birki.

Saboda haka ka manta da duro. Ka fara da lissafi. Kafin ranar tafiya, ka loda tirelar yadda za ta tafi, ka cika tanki, ka je Gidan Runji ka dawo, ka sake cikawa. Abin da ta sha shi ne gaskiyar motarka, ba abin da take sha tana fanko ba. Ni a nawa gwajin, motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 takan haura 14 ko 15 in tana ja, in kuwa aka shiga yashi da ƙaramar giya, sai abin da Allah ya yi. Tankinka lita 80 ne. Ka lissafa zuwa da dawowa, ka ƙara sulusi a kai saboda ɓatan hanya da kafewa a rairayi, ka kuma cika a Dakoro ko da allura tana sama. Ina jin jarka uku ko huɗu za su ishe ka.

Wurinsu a bodin mota, manne da bayan kujerun direba, a tsaye, a jere, kowace a cike. Ka ɗaure su da bel mai ƙugiya, ba da robar tsohon tayar keke da yaranku suke ɗaure komai da ita ba. Ka shimfiɗa katako ko tsohuwar tabarmar roba a ƙasa, don ƙarfe in yana gogar ƙarfe a kan hanya mai gargada, rami yake yi. Cikin gidan gaba kuwa ko lita ɗaya kada ta shiga. Warin kaɗai ya isa ya sa maka ciwon kai da gyangyaɗi. Ka kuma duba takardar motar ka ga iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, ka sani cewa kai da yaronka, da tayoyin safaya, da ruwan sha, da nauyin wuyan tirela, duk a ciki suke.

Da na ce a cike, ban ce har baki ba. Ka bar kamar yatsu uku a sama. Mai yana kumbura da zafi, kuma ka san yadda ƙarfen bodi yake da azahar a watan Afirilu, ko tafin hannu ba ya zama. Ka rufe su da tampol. Waɗannan jarkokin man girki masu ruwan ɗorawa da kowa yake amfani da su, ban yarda da su ba: rana tana cinye robar, murfin kuma sai an cusa leda yake kamawa.

Mutane suna cewa gazuwal ba ya kama wuta. Gaskiya ne ba shi da saurin fushi irin na esansi, sai ya yi zafi ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama. Amma esansi kaɗan in ya gauraya da shi ya rushe wannan kariyar, don haka jarkar da ta taɓa ɗaukar esansi ba ta shiga wannan tafiya. In za a cika jarka, ka sauke ta ƙasa, in za ka juye a tanki ka kashe inji, yaron nan naka kuma ya ajiye sigarinsa. Ka sa tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin bututu ba.

A gidan mai za ka saya, ka karɓi rasit ka adana. Ƴan duwan da jandarmomi in sun ga jarkoki a motar da ta fito daga garin da ke kusa da iyaka, fasa-ƙwauri ne farkon abin da ke zuwa musu, kuma ba su yi laifi ba. Man bakin hanya na ƴan ruwa-ruwa, ko nawa aka rage maka, ka wuce. Injinka na zamani ne, ba irin tsofaffin da muka tuƙa masu cin kowane gurɓatacce ba. Ruwa ko ƙura kaɗan ya isa ya lalata nozul ɗinsa, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, kuɗin gyaransu kuma zai cinye ribar tafiyar har da ta gaba. Ka riƙe filtar mai guda a ajiye, ka kuma tace da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari in kana juyewa, bayanka yana tare iska.

Jarkokina biyu na ƙarfe suna nan ɗakin ajiya bayan turken awaki. Na wanke su na kife su a rana, na sauya wa ɗaya robar murfi. Ka biyo ranar Juma'a bayan masallaci ka ɗauka, ka zo da tirelar a lode in ɗaga wuyanta da hannuna in ji. Mahaifiyarka ta ce za ta ƙulla maka ƙuli-ƙuli da garin fura, ta kuma ce in ka isa Dakoro ka kira ta kafin ka shiga inda babu layi.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Mahaifinka.