Jijjigar sabuwar a-kori-kura: a auna kafin a fara canza kaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana kan wata matsala da na ga tana cin kuɗin masu sababbin motocin a-kori-kura a nan Gombe da maƙwabciyarmu Bauchi, wato jijjigar da mota take yi a kan hanya wadda ta ƙi jin magani, duk da cewa motar ba ta daɗe da fitowa daga leda ba. Ni manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi, ina noman rani a yankin Dadin Kowa, kuma abin da zan faɗa na same shi ne ta hanyar wahalar da na sha da kaina na tsawon watanni.

Na sayi motata sabuwa fil, mai gida biyu, mai amfani da man dizal, domin jigilar taki da buhunan shinkafa tsakanin gona da gari. A cikin garin Gombe ba ta nuna wani aibu ba. Ranar da na fara hawa hanyar Bauchi da ita, bayan na wuce Bara na samu shimfiɗaɗɗiyar kwalta, allurar maleji tana kaiwa kilomita 90 sai na ji kujerar da nake zaune tana rawa. Gorar ruwan da ke gefena ta fara kaɗawa, hoton da ke cikin madubin tsakiya ya dushe har ba na iya bambance mota da babur a bayana. Da na rage gudu zuwa 70 sai komai ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Haka ta yi mini har Alkaleri, haka kuma ta yi a hanyar dawowa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Sau uku ana yi wa tayoyin balansin a wurare daban-daban, kowa yana cire dalmar da na baya ya maƙala yana sa tasa. An yi saitin ƙafafun gaba. Wani ya ce shokozoba ne, na biya da kuɗina aka canza na baya guda biyu waɗanda ba su yi wata uku suna aiki ba. Da na koma wurin waɗanda suka sayar mini da motar, ma'aikacinsu ya zagaya da ita cikin gari na minti goma, bai ko kai gudun kilomita 60 ba, ya dawo ya ce lafiyarta ƙalau, wai haka a-kori-kura take idan babu lodi, sauran kuma laifin hanyoyinmu ne. Wannan magana ta yi mini ciwo, domin na san hanyoyinmu suna da ramuka, amma na kuma san cewa rami ba ya jiran allura ta kai 90 kafin ya girgiza mota.

Wanda ya warware mini matsalar wani dattijon bakanike ne da ya shafe shekaru yana gyaran manyan motoci. Bai taɓa sifana ba a ranar farko. Ya ce: "Alhaji, mu hau hanya tukuna, mota ita ce za ta faɗi inda yake mata ciwo." Ya zauna a gefena ya cire takalmansa ya ɗora tafin ƙafa a ƙasan motar, hannu ɗaya a kan sandar giya. Da jijjigar ta fara, ya tambaye ni ko ina jin ta a sitiyari, na ce a'a, a kujera da baya nake jin ta. Ya ce in riƙe wannan gudun amma in sauko daga giya ta biyar zuwa ta huɗu. Ƙarar injin ta ƙaru, jijjigar kuwa ba ta canza ko kaɗan ba. Ya ce: "To, mun wanke injin. Abin da ke damun ka yana bin gudun taya ne."

Wannan ɗan gwaji da bai ci ko kwabo ba shi ne ginshiƙin binciken duka, kuma abin mamaki ne a ce cikin duk waɗanda suka karɓi kuɗina babu wanda ya yi shi. Abubuwan da ke juyawa a jikin mota kashi uku ne, kuma kowanne da saurin juyawarsa. Injin yana juyawa gwargwadon yadda aka taka totur da giyar da aka sa, saboda haka idan jijjiga ta canza da canjin giya alhali gudun motar yana nan yadda yake, ko kuma ana jin ta ko da mota tana tsaye ana ba ta wuta, sai a nemi laifin a robobin da injin ke zaune a kansu, ko a nozul, ko a wani abu na jikin injin. Tayoyi kuwa gudun hanya suke bi. Tayar da aka saba gani a irin waɗannan motoci, mai lamba 265/65 R17, kewayenta ya kai kimanin mita 2.4, wanda ke nufin a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa kusan sau 11 a kowace daƙiƙa, kuma jiki yana jin wannan a matsayin girgiza mai nauyi wadda ido ma yana iya gani. Sai farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giya zuwa ƙafafun baya, wadda take juyawa kimanin sau uku da rabi zuwa huɗu a duk juyi ɗaya na taya. A wannan gudun tana yin juyi 40 ko fiye a daƙiƙa, don haka tata jijjigar siririya ce, tana zuwa da gurnani a ƙarƙashin mota kuma tana sa ƙafa ta yi kamar ta mutu. Wanda ya iya rarrabe waɗannan ukun ya riga ya yi rabin gyara.

Inda ake jin jijjigar shi ma shaida ne. Idan sitiyari ne ke karkarwa a hannu, galibi ƙafafun gaba ne. Idan kujera ce da ƙasan mota, hankali ya koma baya. Idan kuma sai an taka birki take tasowa, har fedar tana bugun ƙafa, to a duba faifan birki, wanda kan yi tsatsa ko ya rasa daidaiton kauri idan mota ta daɗe a ajiye.

Da muka koma gareji, dattijon ya sa aka ɗaga bayan motar a jak, ya kafa bulo kusa da tayar dama, ya riƙe alli a kansa daf da fuskar tayar, ya ce yaronsa ya juya ta a hankali. Allin ya zana layi a wani ɓangare, ya bar sauran babu ko ɗigo. Tayar ba ta zagaye daidai ba, tana da tudu a gefe guda. Ya dube ni ya ce ko za a maƙala mata dalmar duniya ba za ta daina tsalle ba, domin balansin nauyi yake daidaitawa, ba ya gyara siffa. Na'urar balansin da muke da ita a mafi yawan wurare tana juya taya ne a iska babu nauyi a kanta, shi ya sa take nuna sifili a allo alhali tayar tana da lahani. Akwai wata irin na'ura da take danna tayar da abin naɗi kamar yadda hanya ke danna ta, tana auna inda ta fi tauri da inda ta fi laushi, kuma ita ce ya kamata duk mai sayar da sababbin motoci ya tanada ko ya san inda zai tura mai saye.

Daga nan ya nuna mini lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen tayar. Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe kuma shekara, misali 2322 yana nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayoyin motata sun haura shekara biyu da ƙerawa kafin in saye ta. Ashe motar da muke kira sabuwa tana iya shafe watanni a tashar jirgin ruwa da filin ajiya tana tsaye wuri guda cikin rana, nauyinta duka yana kan wuri guda mai faɗin tafin hannu a kowace taya, har wurin ya lotsa. Irin wannan lotsawa takan warware bayan an yi tafiyar kilomita kaɗan tayar ta ɗumama, amma idan tsayuwar ta yi tsawo, musamman da ƙarancin iska, takan zauna daram. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana jan hankalin direbobi kan duba wannan lamba, sai dai yawancinmu muna ɗauka gargaɗin na masu sayen tayoyin gwanjo ne kawai.

Mun tabbatar da zargin ta hanya mafi sauƙi. Aka cire wannan tayar aka sa safaya a gurbinta, muka sake hawa hanya, jijjigar gudun 90 ta ɓace. Haka ya kamata a riƙa yi: a canza abu ɗaya, a gwada a kan hanya ɗaya da gudu ɗaya, sannan a matsa zuwa na gaba. Wanda ya canza taya da shokozoba da bushin a rana guda, ko motar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma ya biya kuɗin abu uku a kan laifin ɗaya.

Sai dai akwai saura. Idan na yi lodin buhuna na tashi daga tsaye, motar takan yi wata 'yar karkarwa tsakanin gudun kilomita 15 zuwa 30 sannan ta wuce. Wannan ba ta da alaƙa da taya. Doguwar a-kori-kura takan zo da farfela mai gaɓa biyu, da boris a tsakiya wanda ke riƙe ta a jikin shasi. Bayan motar yana zaune a kan sifirin, saboda haka yana ɗagawa idan babu kaya, yana sauka idan an yi lodi, kuma duk sauyin nan yana canza kusurwar da gaɓoɓin farfelar ke aiki a kai. Idan kusurwoyin gaba da na baya ba su yi daidai da juna ba, gaɓar tana saurin juyawa tana ragewa sau biyu a kowane zagaye, kuma a lokacin tashi da kaya ne aka fi jin hakan. A tawa motar, mazaunin boris ɗin tsakiya ne bai zauna a saitinsa ba. Dattijon ya ƙi taɓa shi. Ya ce motar tana cikin garanti, idan ya kwance farfela zai ba masu sayarwa hujjar zamewa, kuma ya gargaɗe ni cewa duk wanda zai kwance ta dole ya yi alama a gaɓoɓin, domin mayar da ita a karkace da haƙori ɗaya ya isa ya haifar da sabuwar jijjiga. Na girmama shi ƙwarai kan wannan, domin aikin kuɗi ne ya bari ya wuce shi.

Ba zan ɓoye cewa wani lokaci laifin namu ne ba. Mu da muke shiga gona da damina, taɓo yakan daskare a cikin rim ya zama nauyi a gefe guda, kuma wanki kawai yake buƙata. Akwai masu mantawa da giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, abin da ke sa mota ta riƙa ɗaurewa tana tsalle a kwana a irin motocin da ba a yi su don haka ba. Akwai masu barin mai faci ya buga wa taya iska da ƙiyasi, alhali adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, na mota babu kaya daban, na lodi daban. Akwai kuma ɗaure nati da tsalle a kan sifana, ɗaya bayan ɗaya a jere, maimakon a bi su a gicciye da ma'aunin ƙarfi, wanda kan sa rim ya zauna a karkace. Duk waɗannan a kawar da su kafin a zargi kowa.

Na koma wurin masu sayarwa, amma a wannan karon da takarda. Na rubuta ranar da matsalar ta fara, adadin kilomitar da motar ta yi, gudun da jijjigar ke farawa da inda take lafawa, da kaya ko babu kaya, da sakamakon sauya giya da sauya taya, na haɗa da hoton layin alli da na lambar tayar. Na nemi babban bakanikensu ya hau motar tare da ni zuwa bayan gari da buhuna a baya, kuma a ba ni kwafin takardar aikin da sa hannu. Maganar "haka take" ba ta sake fitowa ba. Sun canza tayar, sun daidaita mazaunin boris ɗin, amma kuɗin shokozoba da na balansin sau uku sun tafi ke nan.

Ina kira ga masu sayar da sababbin motoci da su riƙa gwada motar da aka kawo ƙorafi a kanta a daidai gudun da mai ita ya ambata, kuma su duba shekarun tayoyi da iskarsu kafin su miƙa makulli. Ga masu saye kuma, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC wadda ake kai wa ƙorafi idan mai sayarwa ya ƙi sauraro, kuma rubutacciyar shaida ita ce abin da za a fara tambaya. Ga shugabannin ƙungiyoyin bakanikai na Gombe da Bauchi, ina roƙon su sa irin wannan gwajin hanya cikin abin da ake koya wa yara masu koyon aiki, domin dattijon da ya taimake ni ya haura shekara saba'in, kuma yaran garejinsa uku ne kacal.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Gombe.