Zuwa ga Baba, daga Sapporo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da kowa da kowa a gida. Ni ma lafiya lau, sai sanyi. Dusar ƙanƙara ta rufe gari, sai an share hanya kafin a fita.

Yaya ya ce mini abokanku na majalisa a Tudun Wada suna yawan tambayar abin da ya kawo ni Japan, ku kuma sai ku ce bincike nake yi, magana ta tsaya nan. Shi ya sa na zauna in rubuta muku dalla-dalla, don ina so ku san abin da ya raba ni da gida.

Kun san romon ƙafar sa idan ya kwana a tukunya lokacin hunturu, da safe a tarar ya daskare yana rawa. Irin wannan abu muke bincike a kai, sunansa jel. Kusan dukkansa ruwa ne, wani ya kai kashi 90 cikin 100, amma akwai wasu zarurruka da ido ba ya gani da suka sarƙe kamar raga suka riƙe ruwan. Da irinsa ake yin gilashin ido mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda Otto Wichterle da abokin aikinsa suka buga bayaninsa a 1960, da abin rufe ciwon ƙuna. Guringuntsin gwiwa ma ɗan gidansu ne, ruwa ya fi yawa a cikinsa. Tambayarmu ita ce: idan irin wannan abu ya sami 'yar tsaga, me ke sa ta ci gaba, me kuma ke tsayar da ita?

Ga gilas, an daɗe da samun amsa. Wani injiniya a Ingila, Griffith, ya nuna a 1921 cewa tsaga tana tafiya ne idan ƙarfin da ya taru a jikin abu ya kai abin da ake bukata don buɗe sabon wuri. Duk nauyin yana taruwa a tsinin tsagar. Jel kuwa ya fi haka wuyar sha'ani, saboda ruwan cikinsa ba a tsaye yake ba.

Ga yadda nake yi. Ina yanko jel mai faɗin yatsu biyu, in ɗan tsaga gefensa da reza, in maƙale shi a na'ura ta ja shi kaɗan ta tsaya, in saita kyamara a kan tsagar. Da farko bakin tsagar yana buɗewa ya yi kumbo, ba ya gaba. Sai ka rantse ya jure. Amma a wurin da aka fi ja, ragar tana buɗewa tana tsotso ruwa daga kewaye, wurin ya kumbura, zarurrukan su ƙara miƙewa suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ƙara nauyi, ba wanda ya taɓa. Can bayan wani lokaci sai tsagar ta zabura, kafin ka ƙifta ido ya rabu biyu. Wannan jinkiri shi ya fi damuna, domin abin da za a sa a jikin mutum ba ya isa a ce ya jure a ranar gwaji kawai.

Wasu masana a Faransa sun nuna a 2006 cewa a jelatin, wato abin da ke daskarar da romon nan, zarurrukan ba tsinkewa suke ba, zarewa suke daga inda suka harɗe, suna jan jiki ta cikin ruwan. Idan aka ƙara wa ruwan kauri da gilisirin, tsagar sai ta rage gudu. Idan kuma aka ɗiga ruwa daidai tsininta, sai ta ƙara sauri. Ƙanena da ke karatu a Samaru zai iya gwada wannan da jelatin ɗin kanti da reza, ku sa shi ya yi a gabanku.

Dalilin zuwana wannan gari shi ne Farfesa Jian Ping Gong ta Jami'ar Hokkaido. A 2003 ita da abokan aikinta suka haɗa raga biyu a cikin jel ɗaya: ta farko mai tauri da saurin karyewa, ta biyu mai laushi da miƙewa. Idan tsaga ta taso, ta farkon tana farfashewa a fili mai faɗi kewaye da tsinin, ta shanye ƙarfin, ta biyun ta riƙe jikin. Jel na yau da kullum yana yagewa da kusan jul 10 a murabba'in mita (jul ma'aunin ƙarfi ne), guringuntsi yana bukatar kusan 1,000. A 2012 wasu a Jami'ar Harvard ta Amurka suka yi wani da aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, ya kai kusan 9,000, ana jan sa ya ninka tsawonsa sau 20 bai tsinke ba.

Saura babbar matsala. A jel irin na Farfesa Gong, ragar da ta farfashe ba ta komawa, kuma gwiwa ba sau ɗaya take lanƙwasa ba. Idan ana ja ana saki dubban lokuta, tsagar tana ci gaba kaɗan-kaɗan ko a jel mafi ƙarfi. A nan nawa aikin yake. Duk lokacin da Inna ta ce mini yanzu a zaune take salla, abin yana tsaya mini a rai. Ba zan ce muku maganin gwiwarta na hannuna ba, aikin da sauran tafiya. Don Allah kada ta fasa zuwa ganin likita a Shika, kuɗin mota da na magani na tura ta hannun Yaya.

A gaishe mini da Gwaggo da mutanen Ƙofar Doka, da Malam liman. Idan akwai mai zuwa, Inna ta aiko mini da kuka da daddawa, nawa sun ƙare. Ku ci gaba da sa ni a addu'a. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
'Yarku