Wasiƙa zuwa ga Abba kafin tafiyarku Sifaniya

Tudun Wada, Zariya

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman Khalifa da yaran. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Babanku yana gaishe ku.

Na ji daɗi da ka ce za ka kai iyalinka hutu Sifaniya, ku ga masallacin Kurɗuba da fadar Alhamra ta Giranada. Allah ya sanya albarka. Sai dai akwai maganar da ka yi a waya wadda ta tsaya mini a rai: wai ejan ɗin da ke nema muku biza ya ce shi zai haɗa muku takardar inshora, kada ka damu da ita, cika sharaɗi ce kawai. A kan wannan na ɗauki biro, don a waya kullum kana sauri.

Gaskiya ne sharaɗi ce. Duk mai neman bizar Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da Sifaniya ke ciki, sai ya nuna inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, wadda za ta yi aiki a duk ƙasashen yankin, tun daga ranar shiga har ranar fita, ta ɗauki nauyin jinyar gaggawa da kwanciya a asibiti da dawo da mutum gida. Ba don ƙawata fayil suka sa wannan adadi ba. Sun san abin da gadon asibiti ke ci a ƙasarsu, kuma ba sa so baƙo ya kwanta ya tashi ya bar musu bashi. Ka ɗauki waya ka juya Yuro 30,000 zuwa naira a canjin yau, sannan ka tambayi kanka ko kana da su ajiye. Katin inshorar lafiyarku na wurin aiki iyakarsa Najeriya. Daga jirgi ya tashi a Kano, ya gama amfani sai kun dawo.

Ban ce ejan ɗinka macuci ba ne, ban san shi ba. Amma an sha buga wa mutane takarda mai tambari da lamba, alhali babu kamfanin da ya san da ita. In ofishin jakadanci ya gano, an hana ku biza ke nan, sunanka kuma ya ɓaci a wurinsu. In bai gano ba ya fi muni, domin sai kana tsaye a gaban teburin asibiti da yaro a kafaɗa za a ce maka lambar ba ta kowa ba ce. Ka sayi inshorar da kanka daga kamfanin da hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta ba lasisi. In kuwa ejan ya riga ya saya, ka karɓi takardar, ka kira kamfanin, ka karanto musu lambar, su tabbatar maka da sunayenku ku duka da ranakun tafiyar.

Na san abin da ke sa ka ɗari-ɗari, don na ji kuna tattaunawa da Babanku a zaure lokacin Sallah. Malamai da yawa ba su yarda da inshorar kasuwanci ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke haka tun 1985, amma a hukuncin nan ɗin ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, inda kowa ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a tallafa wa wanda abu ya samu. Yanzu muna da kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ka tambaye su ko suna da na tafiye-tafiye wanda ofishin jakadancin Sifaniya ke karɓa. In ba a samu ba, ka je wurin malamin da ka amince da shi ka gaya masa lamarin yadda yake, har da cewa ba a ba da biza sai da ita. Takardar bogi dai ba ita ce mafita ga mai tsoron haram ba, domin ƙarya ce tsagwaronta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato Khalifa. A fom ɗin inshora akwai wurin da ake tambaya ko wani yana da ciwon da yake fama da shi tun kafin tafiya. Ejan zai so ya rubuta babu, don kuɗin ya yi sauƙi aiki ya yi sauri. Kada ka yarda. Khalifa yana da sikila, a rubuta sikila. Yawancin inshora masu araha ba sa biyan jinyar ciwon da mutum ya zo da shi daga gida, kuma in aka ɓoye, kamfani yana da hujjar ƙin biyan ko sisin kwabo. Gwajin jini ɗaya zai tona asirin. Ka sa su nuna maka a rubuce, a cikin takardar kanta, cewa in ciwon ya tashi masa a can za su biya, da iyakar abin da za su biya. Maganar fatar baki ta ma'aikacin ofis ba ta da amfani ranar da ake buƙata. In sun ƙara kuɗi, ka biya. Araha ba ta ado.

A shekarun da na yi ina aikin jinya a asibitin Shika na ga yadda ciwon nan ke tashi ba sallama. Yaro yana wasa da rana, cikin dare ya murɗe yana riƙe da ƙafa, ko taɓa shi ba ya so a yi. Abubuwan da ke tayar da shi kuwa duk suna cikin tafiyar nan: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya, da iskar cikin jirgi wadda ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. Kusa da Giranada akwai duwatsun Siyera Nebada masu tsawo da sanyi, kada ku hau da shi ko da masu yawon buɗe ido sun kwaɗaita muku. Kafin ku tashi ku kai shi wurin likitansa, a duba jininsa, a ba ku takarda da Turanci mai bayanin ciwonsa da magungunansa da cewa zai iya shiga jirgi. Magungunan su zauna a jakar hannun uwarsa cikin kwalayensu na asali, ba a akwatin da za a auna ba. A riƙa ba shi ruwa a kai a kai, a sa masa rigar sanyi da safa tun a jirgi. In wani cikinku ya yi zazzaɓi a can, ku fara gaya wa likita daga Najeriya kuka zo, a yi gwajin maleriya, don ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba.

A jikin takardar akwai lambar waya ta neman agaji dare da rana. Ka sa ta a wayarka da ta Maman Khalifa, ka kuma rubuta a takarda ka cusa cikin fasfo. Lambar gaggawa ta ƙasashen Turai 112 ce. Ita za ka fara kira in abu ya yi tsanani, daga nan sai kamfanin, tun kafin a ba da gado in da hali. Wasu kamfanonin su ke biyan asibiti kai tsaye, wasu kuwa kai za ka biya su mayar maka daga baya, saboda haka ka san wanne ne naka tun kana gida. Ka tambayi kason da za ka fara biya daga aljihunka kafin su ɗora. Duk rasit da rahoton likita ka adana.

Ka duba sashen dawo da marar lafiya da kyau. Mu in rai ya yi halinsa inda Allah ya karɓi abinsa nan ake sutura, ba wannan ne abin tsorona ba. Wanda ya kasa zama a kujera fa? Sai an cire masa kujeru da dama a jirgi an shimfiɗa gado, a haɗa shi da ma'aikacin jinya. Akwai wani bawan Allah a unguwar nan da shanyewar ɓarin jiki ta kama a ƙasar waje; sai da aka kafa gidauniya a masallaci, 'yan'uwansa suka sayar da fili a hanyar Samaru, kafin aka iya dawo da shi. Matarsa ta zo nan ta zauna a tabarmar tsakar gida tana lissafa mini bashin da ke kansu, hawaye na zuba.

Batun kaya da fasa tafiya ba zan tsawaita ba. In akwati ya ɓata, kada ku fita daga filin jirgi sai kun cike takardar rahoto a teburin kamfanin jirgin, don inshora za ta nemi ganinta. In an yi muku sata, ku karɓi rahoton 'yan sanda. Ka kuma tambaya ko za su mayar da kuɗin inshorar in ba a ba ku biza ba.

In ka karɓi takardar, ka ɗauki hoton kowane shafi ka turo wa ƙanwarka ta WhatsApp, har da ƙananan rubutun nan na baya, ta buɗe mini in karanta da tabarau. Kuma ku biyo ta Zariya kafin ku wuce Kano, ina so in ga Khalifa da idona in duba tafin hannunsa da idanunsa. Ka gaishe da Maman Khalifa, ka ce ta kira ni mu yi maganar magungunan.

Allah ya yi maka albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Mahaifiyarka,
Hajiya