Kafin a ɗora wa ɗalibai laifin faɗuwa a darasin Sigina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kwanakin baya kan yadda ɗaliban injiniya ke zubewa a jarrabawa, inda marubucin ya tattara laifin kacokan ya jibga wa yaran zamani: wai waya ta ɗauke musu hankali, ba sa buɗe littafi sai jarrabawa ta zo wuya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Amma da ya kawo darasin Sigina da Sistam a matsayin hujja, sai na ji ya fama mini tsohon gyambo, domin sau biyu na zauna wa wannan darasi. Karon farko na sha ƙasa, karo na biyu na ci da sakamako mai kyau. Ƙwaƙwalwar dai ita ce, littafin ma shi ne, har ɗakin laccar bai canza ba. Malami ne kawai ya canza.

Ga wanda bai san fannin ba, sigina shi ne duk abin da ke hawa da sauka yana ɗauke da labari: muryar mutum, bugun zuciya, ƙarfin lantarki a cikin waya, haske da duhun da ke cikin hoto. Sistam kuwa shi ne abin da ke karɓar sigina ya sarrafa shi ya fitar da wani. Yawanci a shekara ta biyu ko ta uku ɗalibin injiniyan lantarki ko na kwamfuta ke cin karo da darasin, kuma a kansa aka gina darussan sadarwa da na sarrafa injuna da ke gaba. Wanda ya ratsa shi da hadda zalla, gaba ma da hadda zai yi ta ɗingishi.

Farfesan da ya fara koyar da mu mutum ne da ba za ka iya kushe shi a takarda ba. Bai taɓa makara ba, bai taɓa fashin lacca ba. Rubutunsa kamar na inji. Zai fara daga kusurwar hagu ta allo, ya cika shi tsaf zuwa dama, ya goge, ya sake. Ƙeyarsa muka fi sani fiye da fuskarsa. A mako na uku ya iso kan abin da ake kira kwanbolushan, wato lissafin da ke gaya maka abin da sistam zai fitar idan ka san abin da ya shiga. Ya rubuta doguwar alamar intigiral, wato alamar tarawa a lissafi, ya ba mu matakai huɗu da ake bi da sigina biyu: a juya ɗaya, a matsar, a ninka, a tara. Muka riƙa rera su kamar waƙa. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ake juya ɗayan?" Ya waiwayo rabi-rabi ya ce haka ma'anar take, ya koma kan allonsa. Wasu suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Daga ranar ban ƙara tambaya ba, kuma ban tuna wani ya ƙara ba.

Sai muka yi abin da ɗalibi ke yi idan ma'ana ta gagare shi. Muka haddace teburin Furiye da na Laplas, wato jerin ƙa'idojin sauya sigina zuwa wata siffa da ke ɗauke da sunayen masana Fourier da Laplace, muka haddace misalan da ke cikin littafin rubutu har da wuraren da ya ja layi. A aji sigina mai siffar akwati ya yi mana misali da shi. Ranar jarrabawa ya kawo mai siffar dala. Wannan ɗan sauyin kaɗai ya isa. Na zauna ina kallon takarda, matakan nan huɗu na yawo a kaina, ban san daga ina zan fara tarawa ba, ban san inda zan tsaya ba.

Da shekara ta zagayo na koma aji ɗaya da ƙannena, abin da ba sai na faɗi zafinsa ba. An ba wani malami darasin, wanda ko farfesa bai zama ba a lokacin. Ranar da ya zo kan kwanbolushan bai taɓa allo ba tukuna. Ya ce kowa ya yi shiru. Da ɗakin ya yi tsit, sai ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Ɗakin babba ne, rabinsa babu kowa, muka ji tafin ya daki bangon baya ya dawo, ya yi ta raguwa har ya mutu. Ya ce to, abin da kuka ji yanzu shi ne halin wannan ɗaki gaba ɗaya: amsar da yake bayarwa idan an yi masa bugu ɗaya. Maganar da nake yi muku kuwa ba komai ba ce illa dubban ƙananan bugu da ke bin juna, kowanne ɗakin na yi masa irin wannan amsa-kuwwa gwargwadon ƙarfinsa. Abin da ke shiga kunnenku a wannan daƙiƙar taro ne: bugun da na yi yanzun nan yana kan farkon amsarsa, wanda na yi ɗazu yana tsakiyar tasa, wanda ya fi daɗewa wutsiyar amsarsa kawai ta rage.

Nan take na ji kamar an yaye mini labule. Sabon bugu da farkon amsa yake haɗuwa, tsoho da ƙarshenta. Juyawar ke nan! Tambayar da na kwana da ita shekara guda, an amsa ta da tafi ɗaya da magana ta minti uku. Bayan nan ya fito da farar leda biyu mai gani-har-hanji, kowace da zanen sigina a jiki, ya ɗora ɗaya kan ɗaya yana janta a hankali muna kallon inda suka haɗu yana ƙaruwa yana raguwa. Sai a sannan ya rubuta intigiral ɗin, wanda bai bambanta da na bara ba ko da ɗigo.

Wani abin da ya yi mana, wanda a lokacin na ɗauka hira ce kawai, shi ne gaya mana cewa manyan ma sun sha wuya da wannan ilimi. A 1807 Joseph Fourier ya miƙa wa masanan Faransa rubutunsa kan yadda zafi ke ratsa abu, inda ya yi da'awar cewa za a iya gina kowace irin siffa ta hanyar tara igiyoyi masu lanƙwasa sumul. Cikin waɗanda suka duba aikin akwai manyan masana lissafi Lagrange da Laplace, kuma Lagrange bai gamsu ba. Sai a 1822 littafin Fourier ya fito. Malamin ya ce idan abu ya tsaya wa Lagrange a maƙogwaro, babu kunya don ya tsaya maka a mako na shida. Ya kunna kwamfuta ya riƙa tara igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, uku, goma, hamsin, muna gani siffar akwati na fitowa. Amma a kowace kusurwa akwai ɗan kunne da ya ƙi ɓacewa. Ya ƙara igiyoyi, kunnen ya sirance amma tsayinsa na nan, kusan kashi 9 cikin 100 na tsallen da siginan ya yi. Wannan shi ne abin da masanin kimiyya Gibbs ya bayyana a 1899, ana kuma kiransa da sunansa har yau. A shekarar farko ma an koya mana shi, cikin layi biyu, na haddace shi ban taɓa ganinsa da ido ba.

Haka batun bugu ɗayan nan da ake kira delta. An ce mana tsayinsa ba iyaka, faɗinsa sifili, amma filin da ya rufe ɗaya ne cif. Duk mai hankali zai ji wannan magana da sauran rina a kaba. Farfesan farko ya faɗe ta ya wuce kamar wanda ya ce biyu da biyu huɗu. Na biyun ya yarda cewa a ƙa'idar lissafin da muka taso da ita maganar ba ta zauna ba, cewa injiniyoyi da masana kimiyya irin su Paul Dirac sun daɗe suna aiki da ita don tana ba da amsa daidai, kuma sai a shekarun 1940 Laurent Schwartz ya kafa mata tushe. Ɗalibin da aka gaya wa haka ya san ruɗewarsa ba daƙiƙanci ba ce.

Inda ya fi burge ni shi ne ɗibar samfur, wato yadda ake mayar da sigina lambobi. Ya tambaye mu ko mun taɓa lura a fim tayar mota na juyawa baya alhali motar gaba take yi. Kyamarar fim hoto 24 take ɗauka a daƙiƙa, idan taya ta fi ƙarfin wannan ɗiba sai saurinta ya yi sojan gona, ya fito a rigar wani gudun daban. Daga nan ƙa'idar ta zo da kanta: dole yawan ɗibarka ya haura ninki biyu na kaɗawa mafi sauri da ke cikin siginan. Shi ya sa layin tarho na gargajiya, da ke yanke murya a wajen haz 3,400, wato kaɗawa 3,400 a daƙiƙa, yake ɗiba sau 8,000 a daƙiƙa, faifan CD kuma sau 44,100, tunda kunnen ɗan Adam yana kaiwa wajen haz 20,000. Sunayen masanan da suka kafa wannan ƙa'ida, Nyquist da Kotelnikov da Shannon, da shekarun aikinsu, 1928 da 1933 da 1949, sun zauna mini ne saboda tayar nan.

Kada a ɗauka waliyyi nake zanawa. Da yawa daga cikin 'yan ajin ba sa ƙaunarsa. Kowane mako da aikin gida, kuma yana dubawa da kansa, hannunsa a maki kamar na mai auna zinari. Bai taɓa maimaita tambayar bara ba. Mafi muni, bai gama manhaja ba. Makonni biyun farko ya cinye su yana gyara mana lissafin lambobin da ke ɗauke da harafin j da ƙa'idar Euler ta 1748, bayan wani gwaji marar maki ya nuna masa rabinmu ba mu iya su ba. A nan marubucinku ya yi gaskiya, wannan ramin mu muka zo da shi. Amma sakamakon haka, babin lissafin z, wanda shi ne ƙashin bayan sarrafa sigina a kwamfuta, lacca ɗaya da rabi ya samu a gurguje. Da na shiga darasin gaba na ji a jikina. Kuma abin dariya, littafin rubutun da na cika a ajin farfesan farko shi ya cece ni, domin babu abin da ya tsallake, komai na nan a jere. Sai da wani ya buɗe mini ido sannan na iya cin moriyar rubutun ɗayan.

Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da irin shawarar da manyan ɗalibai ke ba na ƙasa da su. Ka saurari hirar: wane yana ba da maki, wane tambayoyinsa ba sa canzawa, wane mugu ne ka kauce masa. Da wuya ka ji an ce wane zai sa ka fahimta. Takardar tantance malami da ake rabawa a ƙarshen zango ma kusan haka take, ana cike ta ne lokacin da zuciya ke kan jarrabawa, mai sauƙin hannu ya kwashe yabo. Da za a sake tambayar ɗaliban nan bayan shekara guda, lokacin da suke fama da darasin sadarwa, na tabbata jerin zai juye.

Ba na kuma ganin farfesan farko a matsayin azzalumi. Ya san fanninsa fiye da na biyun, wataƙila nesa ba kusa ba. Sanin ne ma ya yi masa yawa har ya manta inda mai koyo ke tuntuɓe. Juyawar da ta hana ni barci, shi a wurinsa ba tambaya ba ce. Jami'a kan ɗaukaka malami ne bisa yawan binciken da ya wallafa, ba kasafai ake tambayar ko wani ya taɓa koya masa koyarwa ba. Na tabbata babu abokin aikinsa da ya taɓa zama a bayan ajin nan ya ga fuskokinmu, balle ya ja shi gefe ya ce masa yaran nan fa tun mako na uku ka bar su a hanya.

Kuma gyaran ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Manhajar kwamfuta ta Octave kyauta ce, Python ma haka, ɗalibi zai iya naɗar muryarsa ya ga kaɗawar da ke cikinta, ya yanke wasu ya saurari abin da ya rage. Laccocin da Farfesa Alan Oppenheim ya naɗa kan wannan darasi suna nan kyauta a shafin jami'ar MIT ta Amurka. Wayar da marubucinku ya tsine wa ita ce dai wasu ke kallon su da ita cikin dare, bayan sun fito daga aji ba su gane komai ba. Tafi kuwa ko sisi ba a biya.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan za ku sake taɓo wannan batu, ku tura wakilinku ya zauna a irin wannan aji ko da sau biyu ne, ya ƙirga hannu nawa aka ɗaga da kuma yadda aka amsa musu. Zan kuma so ku ba wani malamin da ke koyar da darasin fili ya gaya mana nasa ɓangaren, musamman yadda zai cusa Furiye da Laplas da ɗibar samfur da lissafin z cikin zango ɗaya ga ɗaliban da suka zo masa ba su riƙe kalkulas ba. Wannan tambayar ni ma ban ga wanda ya warware ta ba a cikin malaman nawa biyu.

Naku,
Wani tsohon ɗalibin injiniyan lantarki