Wasiƙa daga Jos: Gobirawa sun ƙi faɗuwa

Assalamu alaikum, Sarkin Gudu,

Yaya sanyin can? Nan Jos hunturu ya kama, har fenti ya fara ba mu wahala.

Wasan yaƙin Tabkin Kwatto muka shimfiɗa da ƙananan sojojin roba a teburi mai ƙafa 6 da 4, kuma Yunfa, Sarkin Gobir, ne ke cin yaƙin kullum. Ka ji abin kunya! A 1804 kuwa rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ce ta kore shi, da 'yan baka da dawakan da ba su wuce ashirin ba. Laifin ƙa'idarmu ne: doki na tafiya santimita 30 a kowane zagaye, kibiya na kai 40, sai mahayi ya iso kafin a yi harbi na biyu. Gyaran shi ne dokin lifidi ya koma 20, tunda nauyi gare shi. Duk rukunin da ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu kuma ya jefa dayis ɗin ludo, in 1 ko 2 ta fito ya juya da baya. Wannan dokar kai ta fi dacewa da kai, na sani.

Sojojin roba na ma'aunin 1/72, wato ɗaya cikin 72 na tsawon mutum, muke amfani da su. Na Larabawa ake saye, a naɗa musu rawani da tishu da aka jiƙa da Top Bond, gam ɗaya ruwa biyu. Ka wanke su da sabulu tukuna, domin man da ke jikinsu daga masana'anta shi ke sa fenti ɓarewa. Sufa gulu ba ya kama roba mai laushi, kar ka ɓata kuɗinka. Gindin da za su tsaya a kai kwali ne mai kauri, santimita 4 da 2, a barbaɗa yashin da aka tankaɗe da rariya. In ka shafa fenti, kife kwano a kai, in ba haka ba ƙura ta zauna, Gobirawa su fito kamar an tono su daga ramin kuza.

 

Yaƙin Burmi na 1903 ne a layi, sai dai babu mai son riƙe Turawa. Kana dawowa da Sallah kai za ka riƙe su, an riga an yanke.

Gai da Hajiya da yara.

Naka,
Ɗan Tudun Wada